Ni aka ba riƙon fanka

Wata Asabar a gidanmu na Glenwood, Baba ya buɗe cikin kwamfutarsa. Ya ce zai ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da saitin kamfani, amma kaɗan-kaɗan, don in zafi ya yi yawa ƙonewa za ta yi.

Na ce, "Baba, ni zan danna maɓallin kunnawa."

Ya ce, "Ke riƙe fanka, Habu ya danna."

Habu ƙanena, ko karatu bai iya ba! Na durƙusa ina shaƙar ƙaurin ƙura har kwamfutar ta tashi lafiya. Baba ya shafa kansa ya ce, "Sannu, Injiniya!"

Ni sai da na haifi uku na koma aji. Sunan ya bi Habu har yau, amma bai taɓa jin sa a bakina ba.