Robar da Ta Rage a Cikin Mahauci

"Ku kuka lalata masa ƙoda!" Matar mahaucin ta doki teburin likita da tafin hannu.

Mijinta na zaune a gefe, ya dafe mara, yana ta gumi. Ya daɗe yana fitsarin jini. Yau hoto ya nuna dalili: siririyar robar da aka sa masa tsakanin ƙoda da mafitsara, lokacin aikin da aka yi masa shekarun baya, tana nan ba a cire ba. Tsakuwa ta lulluɓe ta, ƙodar ta kumbura.

"Baiwar Allah, ki saurare ni," in ji likita.

"Ba zan saurara ba! Ranar cirewa ni na rako shi har ƙofar ɗakin nan, ya fito ya ce an gama. Ashe ƙarya kuka shara masa! Wallahi sai kotu ta raba mu!"

"Maman yara," in ji mahaucin, kansa a ƙasa. "Ba laifinsu ba ne. Da na shiga na ga ƙarfen da za a ciro robar da shi, sai na tambayi ta inda za a zura shi. Da suka faɗa min, na ce zan zaga bayi. Can na ɓuya, daga baya na fito na same ki."

Ta zuba masa ido. "Kai? Kai da kake kayar da bijimi?"

Ta ajiye jakarta, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Likita, ka yafe min. Ku haɗa kayan aikinku. Yau ni zan danne muku shi."