Sungumin Nagoggo

Ruwa na uku ya sauka a Danko, Haladu bai shuka ko ƙwaya ba. Shekara goma a soja ta mantar da shi noma, irinsa kuwa ƙwarya ɗaya tak. In ruwa ya ɗauke bayan shuka, ya tashi a tutar babu. Sai ya sa wa maƙwabcinsa ido, tsoho Nagoggo, wanda shukarsa ba ta taɓa ƙonewa ba.

Kwana tara tsohon bai taɓa sungumi ba. Ƙasa ta fara bushewa. Haladu ya ƙule, ya same shi gindin ɗorawa.

"Baba, wai mi kake jira?"

"Kai mana! Ba Turawa sun koya muku karatun hadari a yaƙin Bama ba? Duk unguwa kai muke kallo."