Direban da Ya Shiga Ƙarƙashin Tamfol

Mamuda, tunda ka ce motar ta iso, kuma gobe za ka shiga kasuwa neman abin rufe bayanta, gyara zama in ba ka misali da wani direba ɗan garinmu, wanda har yau in aka ambace shi sai in ji daɗin cewa gari ɗaya muka fito.

Sana'arsa ita ce ɗaukar kauɗa, busasshen tumatir ɗin nan da matan ƙauye ke yankawa su shanya a kan tabarmi har ƙarshen rani. Ka san halin kauɗa. Wahalar wata uku ce, amma ruwan sa'a guda ya isa ya mai da ita baƙa, ta yi funfuna, ko akuya ta ƙi ta. Da Allah ya hore masa a-kori-kura ta kansa, bai ɗauki kayan kowa ba sai da ya je wurin masu sayar da tamfol. Aka baje masa masu sheƙi, shuɗi da kore, marasa nauyi, waɗanda mutum ɗaya zai naɗe da hannu guda. Ya nemi bokiti biyu na ruwa, ya sa aka ɗaga kowane tamfol ta kusurwa huɗu, ya shiga ƙarƙashi ya tsuguna, ya ce a zuba. Duk wanda ya ɗiga masa a wuya, sai ya fito ya ture shi gefe. Waɗanda suka tsira kuma ya bi ɗinkinsu da farce, ya zura igiya a zobban bakinsu, ya taka da ƙafa ya ja da iya ƙarfinsa. Zobe uku suka fita a hannunsa. Tun hantsi yake abu ɗaya har aka kira la'asar, rigarsa sharkaf, 'yan kasuwa sun kewaye shi suna dariya. A ƙarshe ya ɗauki wani mai kauri, mai launin ƙasa, mummuna, wanda sai mutum biyu ke iya ɗagawa, ya ce a ƙara masa kamu huɗu a kan tsawon motar. Daga nan ya wuce wurin mai walda, aka lanƙwasa masa ƙarafa uku kamar baka a saman bayan motar don kada ruwa ya sami wurin kwanciya, aka jera masa ƙugiyoyi a gefe da gefe. A tasha kuwa ya zama abin tsokana. Wani abokin aikinsa, mai tamfol shuɗi, kullum sai ya tambaye shi ko bukka ya gina wa motar. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaure igiyarsa, ƙugiya bayan ƙugiya, ko da sama ba gajimare ko ɗaya.

Ranar wata kasuwa a farkon damina, motoci biyu suka taso daga ƙauye ɗauke da kauɗar matan unguwa guda, tasa da ta mai tamfol shuɗin. Suna tsakiyar hanyar burji, inda babu gida babu rumfa, hadari ya taso daga gabas da iska mai karya reshe. Ta madubi ya hango tamfol ɗin abokinsa ya tsinke daga zobbansa, ya kaɗa sau biyu, ya tashi ya faɗa gonar wani. Buhu ashirin suka rage a fili, ga ruwa ya fara sauka. Da ya ga dama da ya wuce abinsa, don nasa kayan ko ɗigo bai taɓa su ba. Sai ya taka birki, ya juyo ya wuce waccan motar, sannan ya dawo da baya har gindin motarsa ya kusa taɓa nata. Ya kwance kamu huɗun nan da ya naɗe a baya, ya ja su a kan buhunan abokinsa, abin da bai rufu ba suka yi ta ɗauka da gudu suna cusawa ƙarƙashin ƙarafan bakan. Sannan kowannensu ya kama kusurwa ɗaya ya danne da jikinsa, suka tsaya cikin ruwan har ya ɗauke.

Da suka isa kasuwa, matan suna can tsaye a bakin rumfa, sun ga hadarin, sun riga sun saduda. Wata tsohuwa, wadda buhu biyu ne duk abin da ta tara a ranin nan, kuma a motar mai shuɗin suke, ta kwance bakin ɗaya. Ta ɗebo kauɗa, ta kai kusa da kunnenta, ta matse. Kauɗar ta yi ƙaras. Ta dubi direban da ruwa ke tsiyaya daga gemunsa ta ce, "Ɗan nan, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana." Ya ce amin, ya juya ya hau shanya tamfol ɗinsa a kan katanga. Washegari da safe mai tamfol shuɗin ya same shi a tasha, ya roƙe shi ya raka shi kasuwa sayen sabon tamfol, kuma shi da kansa ya ɗauko bokitin.

To, Mamuda, ka ji. Gobe in ka shiga kasuwa kada sheƙi ya ɗauke maka ido, kada kuma dariyar 'yan kallo ta hana ka tsugunawa. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.