Ɓauren Gindin Dutse

Zauna, Sallau, kuma ka ajiye wayar nan, ba da ita nake magana ba. An ce mini ka kira magina su duba ɗakin Gwaggo Tabawa, wai za ka rushe ka yi shago, ita kuma ka kai ta ƙauye tunda ba abin da take yi sai zama a ƙofar ɗaki. Yayar ubanka ce fa! Wallahi tun da na ji raina yake a ɓace, ko abincin kirki ban ci ba. Ni ƙanen ubanka ne, ba zan tsaya cacar baki da kai ba. Misali ɗaya zan ba ka, in kana da kunne.

An yi wani manomi can kan tudu, inda sanyi ke sa mutum ya haɗa riga biyu da rana tsaka. Ya je fatauci ƙasar zafi, ya ɗanɗani ɓauren lambu, irin mai zaƙin nan, ya yanko rassa ya zo da su. Sau biyu yana dasawa a fili, itacen ya kama, ya yi 'ya'ya, amma sai sanyi ya riske su suna kore, su zube. Mutane suka ce ya haƙura, ɓaure ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ran nan da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, ya ga ƙadangaru sun yi ruf da ciki a kan wani baƙin dutse da ke bayan gidansa, sun ƙi sauka. Ya ɗora tafin hannu, ya ji ɗumi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. A nan gindin dutsen, cikin wani ɗan matsatsi da ko kwando ba zai zauna ba, ya yi dashe na uku. Dutsen ya wuni yana shan rana, ya riƙa mayar wa itacen da ɗumin a hankali, ya kuma tare masa iska. Itacen bai yi wani girma ba, saiwarsa a takure take, amma duk shekara sai ya nuna, 'ya'yan su yi laushi har su tsage. Na farkon nuna kuwa matarsa yake kai wa, haka suka yi shekara ashirin da 'yan kai.

Da manomin ya rasu, ɗansa ya gaji gidan, irin mutanen nan masu ganin kafin zuwansu duniya kowa wawa ne. Ya dubi itacen, ya dubi dutsen, ya ce wannan ƙaton banzan ne ya danne ɓauren, ya cinye fili, ba ya tsinana komai. In aka kawar da shi kwando ɗaya zai koma goma. Uwarsa, wadda idonta ya riga ya tafi, ta ce ya bar dutsen nan inda ya gan shi. Ya ce rigimar tsufa ce. Ya kira masu fasa dutse, suka hura masa wuta, suka kwara ruwa, suka bi da guduma, mako uku cur, sai da suka mai da shi tsakuwa aka kwashe. Ya lafta taki buhu-buhu. Da damina ta sauka, zo ka ga ganye, kowanne kamar faifai, 'ya'ya kuwa har rassa suna sunkuyawa. Gogan naka sai yawo yake yana kiran mutane su zo su ga abin da ubansa ya kasa. Sakarai kawai! Sanyi na shigowa, iskar da dutsen ke tarewa ta samu hanya. 'Ya'yan suka tsaya cak, kore shar, tauri kamar ƙwallon goriba, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

A cikin wannan sanyin uwar ta kwanta ciwo. Ba ta nemi nama ba, ba ta nemi madara ba, ɓaure ɗaya tak ta roƙa daga itacen mijinta. Ɗan ya zagaya itacen ya fi sau goma, ya tsinko wanda ya fi girma, ya tura shi cikin toka mai ɗumi, ya yi ta mulmulawa da hannu ko zai yi laushi. Ina! Ɓaure in an tsinke shi ɗanye ba ya ƙara nuna. Haka ya kai mata. Ta gatsa, farin ruwan ya ɗaure mata baki, ta tofar, ta juya fuska bango.

"Na ce maka ka bar dutsen nan," in ji ta.

Ba ta ga wata kakar ɓaure ba. Daga baya ya yi ta jido tsakuwa yana tarawa a gindin itacen, amma tsakuwa ba ta riƙe ɗumi, rana na faɗuwa ta huce.

To, kai ma ka ce Gwaggo zama kawai take yi. Wa ke shiga tsakaninka da ƙannenka in kun tashi faɗa? A ɗakin wa 'ya'yanku ke taruwa su ci tuwo kwano ɗaya? Dangin nan da ke sallama a gidan, kana tsammanin kyan fuskarka suke zuwa gani? Je ka kira maginanka, ban riƙe maka hannu ba. Amma ranar da gidan nan ya huce, kowa ya kama gabansa, kada ka zo mini da kuka, don tun kafin a haifi ubanka Hausawa suka gama magana: garin neman gira, an rasa ido.