Goyo a Ƙarƙashin Fiffike

Alhaji Sallau, ka ce tun da yaranka suka yi zurfi a karatu ka daina gane hirarsu, har kana jin ba ka da sauran amfani a wurinsu. To, gyara zama ka ji wannan.

A wata ƙasa an yi wani matuƙin jirgin sama da ya tsufa tare da jirginsa. Jirgin ƙato ne na ɗaukar kaya, mai nauyin jiki, in zai tashi sai ya yi ta gurnani kamar dole aka yi masa. An riga an yanke cewa ƙarshen shekara za a ajiye shi, a sallami mai tuƙa shi ya je ya huta. Mutumin yana da 'ya guda, injiniya, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta ita da abokan aikinta wajen ƙera wani sabon inji da ake kira sikiramjet. In ta zo gida tana ba da labarinsa, uban yakan gyaɗa kai yana murmushi, alhali ko rabi bai fahimta ba. Yana alfahari da ita, amma can a ransa yana ganin ta yi masa nisa.

Wata rana ta kai shi wurin aikinsu ya ga abin da idonsa. Ya zagaya shi, ya durƙusa ya leƙa ta gaba, sai ya hango haske ta baya. Babu farfela, babu komai mai juyawa. Ya ce, "Yarinya, ai wannan bututu ne." Ta yi dariya, ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani sannu a hankali. Injin jirginsa yana da farfeloli da ke zuƙo iska su matse ta kafin a ƙona mai a cikinta. Nata kuwa gudu ne ke yi masa wannan aiki. In ya kai kusan ninki biyar na gudun sauti, iska da kanta take afkawa bakinsa, maƙogwaronsa mai tsukewa ya matse ta har ta ɗau zafi, a fesa mata mai, wuta ta kama, ta fice ta baya da ƙarfin da ke ƙara cilla shi gaba. Kuma iskar ba ta tsayawa jiran kowa, ko a cikin injin ma ta fi sauti gudu, don haka kunna wutar kamar ƙyasta ashana ne a tsakiyar guguwa. Irinsa ake fatan wata rana ya mai da tafiyar yini guda ta zama ta tsakanin azahar da la'asar. Amma a ƙasa ko motsi ba ya iya yi. Sai an ɗauke shi an kai shi sama, an sake shi, roka ta tura shi, sannan ya farka.

Uban ya ce, "To wa zai ɗauke shi?"

Ta ce, "Shi ya sa na kawo ka, Baba. Ƙananan jiragen nan masu sauri ba za su iya nauyinsa ba. Ni kuma ba zan damƙa wahalata a hannun wanda ban san hannunsa ba."

Ranar gwaji aka rataya injin da rokarsa a ƙarƙashin fiffiken dama. Guda ɗaya tak suka ƙera, in ya lalace aikin ya mutu ke nan. Tsohon jirgi ya bi titi yana nishi, ya tashi da ƙyar, yana rinjaya gefe kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Da suka shiga gajimare iska ta fara jijjiga su, mataimakinsa ya ba da shawarar a koma. Tsoho ya ci gaba da tafiya. Ya san jirgin nan kamar tafin hannunsa, ya san rawar da ke nufin haɗari da wadda ke nufin ƙorafi kawai. Ya lallaba shi, ya ɗan sassauta nan, ya ɗan karkata can, har suka huda gajimaren suka fito fili, teku shimfiɗe a ƙasa. Ya yi bisimilla, ya ba da umarnin saki. Jirgin ya yi wani ɗan tsalle don sauƙin da ya samu. Roka ta tashi ta yi gaba da injin, kafin ya ƙifta ido ba abin da ya rage sai farin zare a sararin sama.

Rediyo ya yi tsit. Tsoho ya riƙe sitiyari, bakinsa yana motsi da addu'a, gumi na bin wuyansa. Can sai ihu ya ɓarke a kunnensa, a cikin ihun ya tsinci muryar 'yarsa tana rawa: "Ya kama, Baba! Ya kama!" Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, sannan ya juya akalar jirginsa ya nufi gida a hankali, yadda ya saba.

Ko da ya sauka, manyan baƙi da 'yan jarida duk suna can cikin ɗakin da ake lura da gwajin ana ta tafi da ɗaukar hoto, ana cigiyar injiniya ba a gan ta ba. Tana bakin titin jirgi cikin rana, iska na kaɗa mayafinta, tana jiran a buɗe ƙofa ubanta ya sauko.

Ka ji, Alhaji. Ba banza ba Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.