Kunnen Gidan Malam Tanko

"Kwanto shi in gani, Kuluwa! Jikanki ne ke kaɗai?"

Inna Tasallah ta tsaya tsakar ɗaki tana huci. Tun da asibiti ya fara bugo 'yartsanar roba da na'ura mai kamannin jaririn da ke hoton ciki, guda ɗaya tak ake ba kowace mai ciki. Hansatu matar ɗanta kuwa ta zo goyon ciki gidan uwarta Kuluwa. Kun dai san Kuluwa: ta rangaɗa wa abin kwalli, ta goya shi, ta zaga unguwa tana cewa kaf kamannin nasu ne.

Kuluwa ta kwanto shi tana yatsina. "Riƙe a hankali, kar ki ɓata mini miji."

Tasallah ta juya ɗan kan robar, ta leƙa kunnen hagu. Duk zuriyar mijinta, marigayi Malam Tanko, da ɗan tsiro a wurin ake haifarsu, kuma ɗanta ya rantse ya gan shi a kunnen 'yartsanar ranar da aka bugo ta. Yanzu wurin sumul, sai farin karce. Ga dutsen goge kaushi a gindin randa.

"Kin goge mana kunne!"

"Ƙurji na gani, na gyara."

Hansatu ta dafe ciki daga kan tabarma. "Inna, ga shi yana motsi."

Ba wadda ta waiwaya.

Tasallah ta dangwarar da 'yartsanar. "To, adana dutsenki da kyau. Na cikin yana tafe da nasa kunnen!"

Ta figi mayafi, ta bugo ƙofa garam.