Mai Askin Tsohuwar Tasha

Kullum da safe mai aski yakan share shagonsa, ya goge madubi, ya jera almakashi da reza a kan tebur, sannan ya zauna a bakin ƙofa yana kallon filin da a da tashar mota ce. Yanzu ciyawa ta cinye filin, sai wata tsohuwar taya da ruwan sama ya taru a cikinta. Sau da yawa har rana ta faɗi bai ga kan da zai aske ba.

A da kuwa sai ka bi layi kafin ka hau kujerarsa. Direbobi da 'yan kamasho da masu faci, kowa nan yake zuwa, wasu don aski, wasu don hira. Tun da matarsa ta rasu, hayaniyar shagon nan ce ta zame masa iyali. Mutum ne mai daɗin baki, ba ya iya faɗa wa kowa abin da ba ya son ji. Ko sanƙo gare ka, sai ya ce sumarka ta fara dawowa.

Da zaɓen kansila ya matso, unguwar tasha ta tsayar da mutum biyu: Dogo shugaban direbobi, da Mai Taya da ke sayar da kayan mota. Daga ƙetaren gada kuma aka tsayar da mutum ɗaya tak, wanda bai ɓoye ba ya ce in ya ci zai nemi a mayar da tasha ɓangarensu. Magana ce babba, domin abincin kowa a layin nan daga tashar yake fitowa.

Dattawan unguwa suka zo wurin mai aski suka ce, "Su biyun nan duk a hannunka suke aski, kuma suna jin maganarka. Ka lallashi ɗaya ya janye wa ɗaya."

Ya ce, "Ku bar ni da su, wannan ai ƙaramin aiki ne."

Dogo ne ya fara zuwa. Ana ɗaura masa zane a wuya ya ce, "Tsakaninka da Allah, wa ya kamata ya janye?"

Mai aski ya dubi yaran Dogo da suka cika benci, ya tuna duk nan suke aski. Sai ya ce, "Haba shugaba, wa ya isa? Kujerar nan taka ce."

Da Mai Taya ya zo da nasa mutanen ya yi irin tambayar, amsar da ya samu ke nan, ko wasali ba a canza ba. Kowannensu ya fita yana taƙama cewa mai aski, wanda ke jin sirrin kowa, ya tabbatar masa jama'a na bayansa.

'Yarsa, wadda ke auren wani direba, ta kawo masa abinci da rana ta ce, "Baba, na ji abin da kake faɗa musu. Kujerar fa ɗaya ce, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauka, ko da waɗanda ba sa sonsa sun fi yawa. In muka rabu biyu mun kashe kanmu."

Ya yi dariya ya ce, "Ke yarinya, me kika sani? Mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Ko uku muka rabu sai mun ci."

Ranar zaɓe mutanen tasha suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Da aka ƙirga, in ka haɗa ƙuri'un Dogo da na Mai Taya sun zarce na mutumin ƙetare da tazara mai yawa. Amma ba a haɗawa. Ɗaya bayan ɗaya ya wuce su, ya hau kujera, unguwa ta tashi biyu babu.

A majalisa ba wanda ya buɗe baki don unguwar tasha, domin ba ta da kowa a can. Aka ɗauke tasha zuwa ƙetaren gada. Direbobi suka bi motocinsu, masu faci da masu shayi suka bi direbobi, 'yar mai aski ma ta kwashi jikokinsa ta bi mijinta. Dogo da Mai Taya suka gano abin da ya faɗa wa kowannensu, daga nan ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su da shi ba. Ya nemi shago a sabuwar tasha aka ce an gama rabawa. Kewa ta ishe shi, har yakan kunna injin aski ba kowa a kujera, don dai ya ji motsi a ɗakin.

Wata rana da hantsi ya ji takun mutum a ƙofa. Ya miƙe da sauri, ya karkaɗe zane, ya juyo da kujera yana murmushi.

"Sannu da zuwa! Bismillah, zauna. Ƙwal za a yi ko saisaye?"

Mutumin ya ce, "A'a baba, ba aski na zo ba. Daga majalisa aka aiko ni. An ba da filin nan, za a rushe layin gaba ɗaya." Ya tsoma buroshi a gwangwanin jan fenti, ya zana alama a jikin bangon shagon, ya wuce shago na gaba.

Mai aski ya tsaya da zane a hannu. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ko zai ga wanda zai kai wa kuka. Duk layin ba buɗaɗɗen shago sai nasa.

Jama'a, yawa kaɗai ba ya kai mutum kujera in kawuna sun rabu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu fahimci yadda ake ƙirga ƙuri'a tun kafin mu jefa ta, mu kuma faɗa wa 'yan takararmu gaskiya ko da za ta ɓata musu rai.